Hannun Jaririn Dutse

Talata

Yayana Yunus,

Ka zo. Ka zo kafin Alhamis ta sama, ka taho da gam ɗin nan da kuke liƙa dutse da shi a wurin aikinku, da ɗan garin dutse mai ruwan ƙasa, kuma kar ka faɗa wa Ammi abin da zai kawo ka. Abin da nake so ke nan.

Firozaben, malamar makarantar 'yan mata, ita ce take rubuta mini, ta ce ba a fara wasiƙa haka ba sallama. To, assalamu alaikum, Bhai. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Bhabhi da yara. Yaya gwiwar Ammi? Yaya tarin nan da ƙurar dutse ta sa maka, kana dai ɗaura ƙyalle a hanci? Mu nan jiki lafiya. Na ce ta rubuta maganata yadda take fitowa daga bakina, kar ta gyara, kuma sai da ta dafa Alƙur'ani sannan na buɗe baki.

Bhai, na yi abu. Ban san ta inda zan fara ba, bari in fara ta kan Afsana.

Ka san tun da na haife ta nonona bai kawo sosai ba. Ɗan abin da yake zuwa ma ya ɗauke da ta yi wata biyu. Madarar ɓauna muke ba ta da cokali, a surka da ruwa, ta sha rabi ta amayar da rabi. Na sha kunun hulba har zufata tana warin hulba. Mun kai mayafi kabarin waliyyi, an ba ni laya na ɗaura. Nas ta zo ta ɗora ta a sikeli, ta kalli allurar sikelin, ta kalle ni, ta rubuta a kati. Baƙin zaren da Ammi ta ɗaura mata a hannu ranar suna, yanzu da kansa yake zamewa ya faɗi.

Ka tuna rijiyar matakala da baban Afsana yake gadi. Ya sauka da kai lokacin bikina, ka tsaya a hawa na uku ka ƙi gaba, kana leƙen Uwar nan ta dutse ta tsakanin ƙarafa, wadda take kwance a gefenta da jariri a ƙirji, ɗan hannunsa a kan nononta. Har ka ce wanda ya sassaƙa wannan ya taɓa raino. Shekara goma sha biyu ke nan da gwamnati ta kewaye ta da ƙarfe ta sa kwaɗo, saboda baƙi suna taɓa ta. Makulli ɗaya ne, yana wurin baban Afsana.

Masi Santok, maƙwabciyarmu, tsohuwar da take sayar da furanni da kwakwa a bakin rijiyar, ita ta shigo ta tarar ina kuka Afsana tana kuka. Ba ta ce in je ba, wallahi, kar ka ɗora mata. Labari kawai take yi tana jijjiga yarinyar. Ta ce a zamaninsu ba macen da take wahala haka a garin nan. Sai dai mace ta ɗauki 'yar rigarta, ta share matakala da ita tun daga sama, ta tsoma ta a ruwan ƙasa, ta goga a ƙirjin Uwar sau bakwai, ta saka ta a jiƙe ta tafi gida ba waiwaye. Na ce Masi, mu ai Musulmi ne. Ta ce kakar baban Afsana ma ta yi, da lulluɓinta da komai, wai jariri mai jin yunwa ba ya tambayar wa ya gina rijiya. Sannan ta ce amma yanzu an kulle ta kamar aku a keji, Turawa suna ɗaukar hotonta, matan gari suna jefa mata fure daga nesa.

Kwana shida maganar tana cina.

Ranar Juma'a baban Afsana ya yi wanka, ya sa fararen kaya ya tafi masallaci, ya rataye rigar aikinsa a ƙusa. Na san inda makullin yake. Afsana ta yi barci a lilo. Bhai, na bar 'yar wata uku ita kaɗai a ɗaki na ja ƙofa. Rana tsaka, ko kare babu a hanya, Masi tana gyangyaɗi a ƙarƙashin bishiyarta. Rigar aurena na ɗauka, wadda Ammi ta yi wa ado da ƙananan madubai, mai igiyoyi a baya, don na ga bai dace in je roƙo da tsumma ba. Ka ji ko, roƙo na ce. Astagfirullah. Ban yi sujada ba, ban kira sunan kowa ba, bismillah ma nake yi a kowace matakala. Amma na san abin da ya kai ni.

Na share, na sauka har bakin ruwa, na tsoma, na hawo hawa na uku, na buɗe kwaɗon. Ina guga ta biyar sai na ji bas ta tsaya a sama. Na ce shi ke nan, baƙi ne, ga ni a cikin keji da jiƙaƙƙiyar riga. Na fizge ta. Ashe igiya ɗaya ta shige ƙarƙashin hannun jaririn. Ƙarar ma ba ta kai ta kawo ba, kamar an karya busasshiyar gurasa. Na dunƙule rigar, na datse kwaɗon, na hau da gudu. Ashe bas ɗin kasuwa ce ta sauke wani mai buhu. Ba wanda zai sauko.

Sai a gida na warware rigar, abu ya faɗo a cinyata. Hannu ne, daga wuyan hannu, da yatsu biyar da faratansu. Na mayar da makullin. Kuma duk da haka na saka rigar a jiƙe, ban san me ya sa ba.

Asabar ba baƙi, zafi ya yi yawa, wurin kuma da duhu-duhu. Lahadi sai ga bas cike daga Ahmadabad. Ka san Harshad, mai yi wa baƙi bayani, mai lema da ƙaton tabarau. Ya haddace maganarsa kamar ɗan makaranta, shekara ɗari tara, sarauniya ce ta gina, hawa bakwai, ginshiƙai kaza. In ya zo kan Uwar baya yake juya mata ya fuskanci baƙi, ya ce su ƙirga faratan jaririn, za su samu biyar cif. Ya faɗa yadda ya saba. Wai wata mata ta leƙa ta leƙa ta ce, "Wane hannun?"

Kafin la'asar duk gari ya sauka rijiya. Ba komai a ƙasan kejin, kwaɗo kuma ba a fasa shi ba. Kai ma ka san inda ido zai koma. A shagon shayi wani ya ce wa baban Afsana, "Gafur-miyan, gaba ɗaya Baturen ya saya, ko yatsa-yatsa?" Aka yi dariya. Jiya ba wanda ya yi dariya. Mai gari ya aika birni, an ce babban ofisa na masu kula da kayan tarihi zai zo Alhamis ta sama ya tambaye shi. Gidajen Musulmi goma sha ɗaya ne a garin nan, Bhai, ba sai na faɗa maka abin da nake tsoro ba. Shekara tara yana share wurin nan da hannunsa, ko ɗan baƙo ya rubuta suna a bango sai ya bi shi har bakin bas.

Hannun yana cikin garwar garin gero, a ƙasa. Ni abin da na gani, in ka zo zan sake ɗauko makullin ranar Juma'a, ka liƙa shi, ka shafa garin dutse a bakin. In aka ga ya dawo za su ce Uwar ce ta mayar da abinta, a bar maganar. Firozaben tana girgiza kai, amma na ce ta rubuta.

Direban bas ɗin safe zai kawo maka wannan, ka ba shi amsa a rufe. Ka gaishe da Bhabhi, ka sumbaci yara. Ka yafe mini, Bhai.

Ƙanwarka,
Merun

Asabar

Bhai,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, kai da iyali da Ammi. Amsarka ta zo, Firozaben ta karanta mini sau biyu, na biyun da na roƙe ta ta tsallake wurin da ka kira ni mahaukaciya. Ban ji haushi ba. Ni ma na kira kaina abin da ya fi haka.

Na ji ba za ka zo da gam ba. Ka ce duk wanda ya san dutse zai gane liƙi daga taku goma, su kuma mutanen birni da gilashin ƙara girma suke zuwa, sai a ce surukin mai gadi ya taya shi rufe sata, mu zama mu uku. Ko ka yarda ma yanzu ba hanya. Mai gari ya karɓe makullin tun Laraba, an ɗaura igiya a bakin rijiyar, an ajiye ɗan sanda a kujera. Baƙi suna zuwa a mayar da su. Harshad ya rasa aiki, masu shayi da masu sayar da hoton rijiya sun rasa ciniki, Masi furanninta suna bushewa a faranti, duk kuma gidanmu suke kallo.

Ka ce in jefa hannun a tafki in rufe bakina har kabari, kar in faɗa wa mijina, in ɗauko Afsana in zo gida har maganar ta kwanta. Na gwada, Bhai. Alhamis na ƙulle shi a gefen mayafina na ɗauki wanki. Mata sun cika bakin tafkin, ina isa suka yi shiru, sai ƙarar bugun kaya. Matar mai ɗinki, wadda ta ci abincin sunan Afsana, ta ja kwandonta gefe don kar ya taɓa nawa. Ta ce da ta kusa da ita, ba da ni ba, wai akwai gidajen da in ka shiga sai ka ƙirga yatsunka kafin ka fito. Na tsuguna, hannuna a kan ƙullin, ruwa ga shi nan a gabana. Sai na ga in na jefa, shi ke nan, ba ranar da za a gane ba mijina ba ne. Har ya mutu ɓarawo ne, Afsana kuma 'yar ɓarawo. Na wanke kayan da ba su da datti na dawo da shi.

Matar da take kawo mana madara ta daina zuwa tun Litinin. Wai ɓaunarta ta ƙafe. Na ga tulunta ya shiga gidan da ke kallon namu.

Sai ga abin da ban san yadda zan faɗa ba. Laraba da safe na tashi gaban rigata a jiƙe. Nonon ya zo, Bhai. Ba da yawa ba da farko, amma jiya har ta ƙoshi ta saki da kanta ta yi barci baki a buɗe. Firozaben ta ce hulba ce ta yi aiki, da yawan sa ta a ƙirji tunda ba madara, in daina tunanin banza. Ni ma na ce Allah ne, na kuma ce Allah ne. Amma duk sanda ta kama sai in ji kunya ta rufe ni, ban san ta wace ƙofa abin ya shigo ba. Babanta kuma ya tsaya a kanmu yana kallo, ya ce alhamdulillahi, a cikin makon nan ga abu ɗaya mai daɗi. Ya je ya sayo mini dabino da ɗan abin da ya rage masa.

Ba wannan ne ya sa na kira Firozaben yau ba. Ɗazu da rana na ajiye masa gurasar gero da albasa, ya gutsura bai ci ba. Ya ce yana so ya faɗa mini abu, in rufa masa asiri. Ya ce shi kullum a aljihun dama yake sa makulli, shekara tara, amma ranar Juma'ar nan da ya dawo daga masallaci a aljihun hagu ya same shi. Ya yi ta tunani, ya gane kansa ne ba daidai ba saboda rashin barci da kukan yarinya. Wanda ya manta aljihu zai iya manta kwaɗo. Wataƙila da safe da ya share kejin bai datse ba, wani ya shiga ya ɗauka ya datse masa. Ya ce abin da zai faɗa wa ofisa ke nan, sakacinsa ne, a kore shi, in ma ɗauri ne a ɗaure shi, a dai bar sauran gidajenmu lafiya.

Sannan ya ce, "Ki yafe mini, Merun. Na jawo miki kunya a garin da ba naki ba."

Bhai, gurasar da ke hannunsa daga garwar nan na ɗebi garinta. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ya ci kafin ta huce.

Ba zan zo gida ba. Ban san abin da zan yi ba, amma ba zan hau bas in bar shi da wannan ba. Kar ka yi fushi. Ka gaishe da Bhabhi, ka ce na ga man shafawar da ta aiko wa Afsana, Allah ya saka.

Ƙanwarka,
Merun

Laraba

Bhai,

Assalamu alaikum, ina fata kowa lafiya. Direban bas ɗin yamma zai kawo maka wannan. Ka hau bas ɗin asuba gobe, ka iso kafin ƙarfe goma. Ba gam, ba komai, kai kaɗai da idonka na mai aikin dutse. Ka taho da Bhabhi in za ta iya, tunda tana shayarwa. Bari in faɗa maka dalili.

Na saɓa maka. Litinin da rana na ɗauki Afsana, na ƙulle abin a mayafi, na shiga gidan Masi Santok. Tun ranar Lahadin nan ba ta leƙo mu ba, in mun haɗu sai ta duba ƙasa. Tana zaune tana tsince shinkafa. Na kwance ƙullin na ajiye a kan farantinta, a cikin shinkafar.

Na ɗauka za ta yi ihu a taru. Ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta ce in faɗa, na faɗa duka. Da na gama ta kama kunnena ta murɗa, kamar yadda Ammi take yi, har yanzu yana zafi. Ta ce, "Ke wace irin jaka ce? Ana goga wa Uwa riga a hankali, ke kin je kina fizga kamar mai ƙwace zani a kasuwa. Kuma da mai igiya! Wa ya ce miki da mai igiya ake zuwa?"

Sannan ta ɗauki hannun ta juya bayansa, ta kai shi bakin taga. Ni ban taɓa duba wurin karayar ba, ba na iya kallonsa. Ta kankara da farce, wani farin abu ya zubo, ta ɗora a harshe. Sai ta zauna tana dariya, hawaye yana zuba. Ta ce, "Kwaɓin uwar mijina ne wannan. Matar nan ba ta iya dafa ko ruwan zafi ba, amma wannan ta iya."

Ashe, Bhai, hannun nan ya daɗe da karyewa, tun kafin a haifi Masi. A saninta ma sau biyu yana faɗuwa a hannun mata masu goga riga. Tsofaffin mata sai su kwaɓa farar ƙasa da mazarƙwaila da garin baƙin wake, su mayar da shi, su shafe da mai da jan gari, duk bayan 'yan shekaru su sabunta. Maza ba su sani ba, ko mai kula da ɗakin bautar su Masi bai sani ba. Da mutanen gwamnati suka zo, suka wanke jan garin daga sama, suka ɗauki hoto, suka kulle. Shekara goma sha biyu ba wadda ta isa ta sabunta kwaɓin. Masi ta ce ko tsuntsu ne ya sauka a kai zai faɗi.

Na ce to Masi, me ya hana ki faɗa tun ranar Lahadi? Ta ce da faɗuwa ya yi da an gan shi a ƙasa, tunda ba a gani ba wani ne ya ɗauka. Ta ce ita ma ta yarda Gafur ne. Yaron da ta goya, wanda yake ɗaukar mata kwandon kwakwa kullum. Ta rufe fuskarta da gefen sari, zanen da ta yafa. Muka zauna, ba mai kallon wata.

Kar ka ɗauka na samu sauƙi. Tsohon liƙi ne, na ji, amma ni na saci makulli, ni na shiga, ni na ɓoye, ni na zuba ido ana zagin mijina. Kuma gobe kowa zai ji abin da matar Gafur ta je yi a gaban dutse ranar Juma'a, mijinta yana masallaci. Liman zai ji, 'yan'uwan mijina za su ji. Su wancan ɓangaren kuma, waɗanda ba Musulmi ba, ban san ko za su ce Musulma ta taɓa Uwarsu ba. Masi ta ce wannan nata ne, a bar mata, ta san matan da suka goga riga a gidan duk wanda zai ɗaga murya, har gidan mai gari, kuma za ta kira sunaye.

Ga yadda ta tsara. Gobe in motar ofisa ta tsaya, ita da tsofaffi uku da suka taɓa riƙe kwanon kwaɓin za su tafi da ni. Za a ɗora hannun a faranti da furanni, ni zan ɗauka. Zan faɗa da bakina. Su za su faɗi nasu. Kai kuma ka duba bayan karayar a gabansa ka gaya masa shekarun farar ƙasar nan, don mutumin birni ba zai yarda da tsofaffin da ba su iya sa hannu a takarda ba, amma zai saurari mai aikin dutse. Ba ƙarya nake so ka yi ba. Abin da ka gani kawai.

Firozaben ta ce dokar wuraren tarihi tana da zafi, akwai tara, akwai ɗauri, ya danganta da mutumin da zuciyarsa. Ta ce ita ma za ta zo. In an tafi da ni, Afsana ba ta karɓar cokali yanzu, ta saba. Shi ya sa na ce Bhabhi. Na haɗa kayanta a ƙulli, katin nas yana ciki.

Ka gaishe da yara. Ammi kuma kar ka faɗa mata tukuna, ka ce yarinya ce ba ta jin daɗi. In na dawo ni zan faɗa mata, rigar da ta ɗinka ce.

Na san za ka tambaya wa ya sani. Firozaben ta sani. Masi ta sani, da tsofaffin nan uku. Na roƙi Masi ta faɗa wa baban Afsana a madadina, ta ce ita ofisa za ta tara, da mai gari, da duk garin in ya so, amma wannan ba za ta ɗaukar mini ba.

Yau da hantsi yana zaune a bakin ƙofa yana goge takalmin da zai sa gobe. Na tsuguna a gabansa na ajiye hannun a ƙasa tsakaninmu. Na fara daga aljihun dama. Bai katse ni ba har na gama. Bai ɗaga hannu ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Kwana goma sha biyu, Merun. Har na ba ki haƙuri." Ya tashi ya fita, bai sa takalmi ba.

Sai azahar ya dawo. Bai ci abinci ba, bai kalle ni ba, har yanzu da nake maganar nan bai kalle ni ba. Ya tsaya a kan lilo ya daɗe. Sannan ya ce, ba da ni ba, da bango, gobe matakala da santsi kuma faranti hannu biyu yake so, shi zai riƙe yarinyar.

To shi ma na faɗa masa, Bhai.

Ƙanwarka,
Merun